Ƙawata tana ce wa masu saye sabon yadi ne, alhali gwanjo nake juyawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24. Na koyi ɗinki, amma da na gama ba ni da jarin sayen yadi, sai na fara sayen gwanjo ina farkewa ina sake ɗinkawa. Babbar rigar maza in mayar da ita ta mata, wandon jins biyu in fitar da siket da jaka. Da na fara sa hotuna a Instagram mutane suka yi ta tambaya. Wata ƙawata tun ta makaranta ta zuba kuɗi, muka shirya ni ɗinki, ita talla da ciniki, riba mu raba.

Ashe tana ce wa masu saye sabon yadi ne da ake kawo mana daga waje. Na gane haka tun watanni, na yi shiru saboda ciniki yana tafiya. Makon jiya wata da ta sayi riga ta ga sawun tsohon ɗinki a inda na cire aljihu. Ta kira ni ta zazzage ni, ta ce mun cuce ta, a mayar mata da kuɗinta ko ta tona mu a intanet. Magana ta kai kunnen mahaifiyata. Ita dama ba ta son sana'ar, kullum cewa take kayan matattu nake kwasowa ina cika mata ɗaki, yanzu kuma ta ce na ja mata abin kunya, in daina. Ƙawata ta ce in muka faɗi gaskiya babu mai saye, kuma in na nace za ta janye kuɗinta. Anti, ina son aikin nan har cikin raina, amma ko barci ba na iyawa. In daina ne, ko in ci gaba yadda muke?

Wata mai ɗinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin gane tun watanni kika yi shiru. Da wata ce da ta ɗora wa ƙawar laifin gaba ɗaya ta wanke kanta fes. Tunda ke da bakinki kin faɗa, ni ma ba zan yi miki rufa-rufa ba: shirun nan ne yake hana ki barci. Sana'arki halal ce, mai kyau ce, kuma ba na so ki bar ta. Ƙaryar da aka jingina mata ce za a cire, kuma cire ta zai ɗan ci miki kuɗi da fuska kafin abubuwa su daidaita.

Mu fara da baiwar Allahn nan da ta sayi riga, don tata ce ba ta jira. Ki kira ta yau, ke da kanki, da muryarki, kada ki tura saƙo kuma kada ki bar wa ƙawarki. Ki ce mata gaskiyarta ce, rigar daga gwanjo kika ɗinka ta, an gaya mata abin da ba haka ba, kina sane kuma ba ki gyara ba, ki ba ta haƙuri. Ki mayar mata da kuɗinta cif, ba ragi, ba ja-in-ja a kan cewa ai ta riga ta sa rigar. Kada ki ce sai ta yi alkawarin yin shiru kafin ki biya ta, domin haƙƙinta ne ko ta tona ko ba ta tona ba. Kuɗin sabon abu ta biya, ta sami wani abu daban, kuma kin san Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, a kan ɗan kasuwar da ya ɓoye jiƙaƙƙen kaya a ƙasa ya bar busasshe a sama. Mafi yawan mutane in aka amsa laifi ba tare da kwana-kwana ba sukan sauko. In ita ba ta sauko ba, kin dai sauke nauyi.

Akwai sauran waɗanda suka saya a kan maganar nan, su ma suna da haƙƙi ko da ba su gano ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki sanar da su, wadda take son ta riƙe kayanta ta riƙe da saninta, wadda take son kuɗinta a sa mata rana. Na san wannan ne mafi ɗaci a cikin duk abin da zan gaya miki. Amma in kika riga kowa faɗa, babu sauran abin da wani zai tona.

Sai ƙawarki. Kada ki ɗauke ta muguwa, don ta zuba kuɗinta a hannunki lokacin da ba ki da kowa, kuma tsoron da take ji ba na banza ba ne: lallai akwai waɗanda in suka ji kalmar gwanjo za su juya. Inda ta kuskure shi ne ta ɗauka ƙarya za ta riƙe ciniki, alhali ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi aljihu ɗaya ya tona ku. Kuma sunan da zai ɓaci naki ne, ke ce mai hannun. Ita gobe tana iya komawa sayar da wani abu, ke kuwa da allura za ki ci abinci har tsufa.

Ki zauna da ita ku biyu, da littafin lissafinku a gaba, ba ta waya ba. Ki fara da godiya, sannan ki gaya mata a fili cewa daga yau ba za ki ƙara ɗinka abin da za a sayar da sunan sabo ba. Ki roƙe ta ku gwada faɗin gaskiya na wata biyu ku ga abin da ciniki zai yi. Kuɗin da za a mayar wa mutane kuma ku raba shi yadda kuke raba riba, tunda tare kuka ci. In ta yarda, ku rubuta yarjejeniya ko da a shafi ɗaya ne: nawa kowa ta sa, yaya ake raba riba, me za a riƙa gaya wa mai saye, kuma in ɗaya tana son fita yaya za a yi. In ta ƙi, kada ki riƙe ta kuma kada ki bari tsoron janye jari ya mayar da ke gidan jiya. Ku ƙirga kayan da ke ƙasa a gaban mutum ɗaya da ku duka kuka yarda da shi, ku tsayar da abin da take bi, ki riƙa biyanta kaɗan-kaɗan a ranakun da aka sa. Kada ki kai ƙararta wurin ƙawaye, kada ki yi habaici a shafinki. Ana raba jari a bar zumunci.

To wai in an faɗi gaskiya akwai mai saye? Akwai, sai dai wataƙila ba duka waɗanda kike da su yanzu ba. Bari in ba ki labarin Lamine Badian Kouyaté, haifaffen Bamako, wanda ya kafa gidan ɗinkinsa mai suna Xuly.Bët a birnin Paris. Tsofaffin kaya yake saye a kasuwannin gwanjo ya yanka ya sake haɗawa, kuma maimakon ya ɓoye mahaɗar, sai ya riƙa bin ta da jan zare ta waje, kowa yana gani. Wannan jan zaren ne ya zama alamarsa da aka san shi da ita a duniya tun shekarun 1990. Ke kina ɗaukar sawun tsohon ɗinki abin ɓoyewa, shi ya mayar da mahaɗa abin talla.

Ki yi tunanin abin da kike sayarwa a zahiri. Yadi kowa yana iya saye, amma idon da zai kalli rigar ƙato ya hango rigar budurwa a cikinta ba kowa ke da shi ba. Kuma kowace riga taki guda ɗaya ce tak, wadda ta saya ba za ta shiga taro ta tarar da wata sanye da irinta ba. Don haka ki riƙa ɗaukar hoto kafin ki sa almakashi, ki ɗauki wani bayan kin gama, ki jera su tare. Ki rubuta a ƙasa da kalmomi masu sauƙi: an ɗinka daga rigunan maza biyu na gwanjo, an wanke, an goge, guda ɗaya ce. Gani ya kori ji. Wajen sa kuɗi kuma kada ki karya kanki don kawai kin ce gwanjo ne. Ki lissafa abin da kika sayo, da wanki, da zare da zif da maɓalli, da awannin da kika ɓata, domin farke riga da reza ba tare da an yanki yadin ba sau da yawa ya fi yanka sabon yadi cin lokaci.

Aikinki yana da wani amfanin da ya kamata ki sani, ko don ki riƙa ɗaga kai in ana maganarsa. A kasuwar Kantamanto da ke Accra, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, an ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ne ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a shara suke ƙarewa, wasu a bola, wasu a bakin teku. A hamadar Atacama ta ƙasar Chile ma akwai tsibin tufafin da aka zubar. An kuma ƙiyasta cewa rigar auduga guda ɗaya mai gajeren hannu tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa shago. Duk rigar da kika ceto kika mayar abin sawa, kin rage wannan ɓarnar.

Yanzu bari mu zo kan aljihun da ya tona ku, don akwai darasin sana'a a cikinsa. Duk inda aka cire aljihu ko kwala ko aka saki kalmasa, abu biyu ke fitowa: ƙananan hujojin allura a jere, da launin da ya fi na kewaye duhu, saboda wurin bai sha rana da wanki ba. Hujojin, in yadin auduga ne, sukan rufe in kika yayyafa ruwa kika murza da farce a hankali sannan kika bi da dutsen guga mai tururi. Bambancin launi kuwa ba ya fita. Ko dai ki tsara yankanki ya kauce wa wurin, ko ki ɗora wani abu a kai da gangan, sabon aljihu na wani ƙyalle ko ɗan aikin zare, ya zama ado. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in kwalar rigar mahaifinmu ta cinye, takan zauna bakin taga da reza ta farke ta ɗinki ɗaya-ɗaya, ta hure zaren da ya maƙale, ta juya ta ciki ya koma waje, ta mayar. Rigar takan ƙara shekara ana sawa. A wurinta na fara gane cewa rabin wannan aikin haƙurin farkewa ne.

Tun wurin zaɓe ake cin riba ko a faɗi. Ki ɗaga kowace riga sama ki kalle ta ta cikin haske, inda yadin ya sirance zai nuna kansa. Ki duba hammata, wuya, gwiwar hannu da tsakanin cinyoyin wando, nan ne tufa ke fara mutuwa. Ki ja yadin da hannu biyu a hankali, in kika ji yana ƙara kamar zai yage, ki ajiye shi komai kyan zanensa. Tabon gumi da ya yi rawaya ya daɗe da wuya ya fita. Ki fi neman manyan kaya, rigunan maza masu faɗi, dogayen siket masu tattara, labule da zanin gado masu kyau, su ne ke ba da yadi mai yawa babu mahaɗa.

In takardar da ke wuyan riga ta goge ba ki san irin yadin ba, ki zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa ki ƙona a kan faranti, nesa da sauran kaya. Auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi. Yadin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Sanin wannan zai hana ki asara wajen rini, don auduga tana shan rini, yadin roba ba ya shan irin wanda ake yi wa auduga, kuma yawancin kayan kanti da zaren roba ake ɗinka su, sai ki rina riga ta yi baƙi ɗinkinta ya fito fari. Kafin ki haɗa ƙyalle biyu masu launi daban, ki goga jiƙaƙƙen farin tsumma a kan mai duhun, in ya zuba kada ki haɗa shi da mai haske. In za ki sa sabon ƙyalle a jikin tsoho, ko na shafi ne, ki wanke sabon tukuna, domin shi zai tsuke a wankin farko, tsohon kuwa ya gama tsukewarsa, sai ɗinkin ya tattare ko ya yage. Ki kula da tsayin zaren yadi wajen yanka, in kika yanka gefe ɗaya a tsaye ɗaya a karkace, rigar za ta murɗe a jiki bayan wanki. Jins yana son allura mai kauri, lamba 16, yadi mai talewa kuma yana son allura mai dakusasshen baki da ɗinkin zigzag, in ba haka ba zaren zai riƙa tsinkewa.

Abu ɗaya kuma: ki cire tambarin kamfanin da ya yi tufar tun asali, ki sa naki. Kada ki yanko tambarin wani babban kamfani ki manna a jaka don ta yi tsada. Manyan kamfanoni sun sha kai masu yin haka kotu a Amurka, kuma ko babu kotu, wata ƙaryar ce a sabuwar riga.

Na bar maganar Mama a ƙarshe don ita ta fi nauyi. Ki saurari abin da take faɗa da kyau, za ki ji abu uku ne a dunƙule: ƙyama, cikar ɗaki, da tsoron bakin mutane. Biyun farko a hannunki suke. Kada dila ko buhun gwanjo ya ƙara shiga ɗakin kwana. Duk abin da kika sayo ya wuce wurin wanki kai tsaye, a wanke da ruwa mai zafi, kamar digiri 60 ga yadin da zai jure, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a goge ciki da waje. Wannan zafin yana kashe ƙwarƙwata da kuɗin cizo da ƙwayar ƙazwa. Wanda ba ya son ruwan zafi ki ware shi a leda ɗaure, ki kai wa masu wankin kwat. Ki sami akwati ko durowa ɗaya ki jera wankakku a ninke, ki daina sayen abin da ba za ki ɗinka a wannan watan ba, ki share ƙyallaye kullum in kin tashi daga keke. In Mama ta ga tsabta da tsari da idonta, rabin faɗan ya tafi.

Maganar kayan matattu kuwa ba ita kaɗai ke yinta ba, a Ghana ma sunan da ake kiran gwanjo da shi, obroni wawu, ma'anarsa kayan Baturen da ya mutu. Gaskiyar ita ce yawancinsu rayayyun mutane ne suka gaji da su suka ba ƙungiyoyin agaji ko suka zuba a akwatunan tara tufafi, aka tantance aka ɗaure dila-dila aka sayar. Ki gaya mata wannan cikin ladabi, sau ɗaya, kada ki mayar da shi gardama.

Na ukun shi ne mai wuya, kuma a nan dole ki yarda cewa wannan karon tana da hujja: an kira 'yarta macuciya, kowace uwa za ta ji zafi. Ki same ta lokacin da hankalinta yake kwance, ki durƙusa ki ce, "Mama, na yi kuskure da na yi shiru a kan ƙarya, na kira matar na biya ta, kuma ba za a ƙara ba." Ki bari ta ga cewa tarbiyyarta ce ta hana ki barci. Bayan nan ne za ki roƙi alfarmar wata uku ki nuna mata sana'ar a tsabtace. Kunyar tsohon tufafi tana gushewa in aikin ya yi kyau. A arewacin Japan talakawan ƙauye sun yi zamani suna faci a kan faci da ƙyallayen da aka rina da baba, ana kiran irin tufafin boro, jikokinsu suna jin kunyarsu suna ɓoyewa ko zubarwa. Yau a gidajen tarihi ake rataye su ana zuwa kallo. Amma Mama ba labarin Japan ne zai sauko da ita ba. Ki roƙe ta wani tsohon zaninta da ta daina ɗaurawa amma ta kasa bayarwa, kowace uwa tana da irinsa a ƙasan akwati. Ki ɗinka mata abin da za ta yi amfani da shi, jakar hannu mai shafi da zif ko rigar matashin kai, ki yi shi da duk iyawarki, ki miƙa mata ba tare da dogon bayani ba.

In duk da haka ta tsaya a kan ba ta son gwanjo a gidanta, kada ki yi fito-na-fito da ita. Ki nemi wata babba da take jin maganarta ta sa baki. Akwai kuma hanyar da za ta raba ki da rigimar gaba ɗaya: ki koma karɓar tsofaffin kayan mutane kina juya musu. Mace ta kawo rigar da ta matse ta, ko ta mahaifiyarta da take son ta riƙa tunawa da ita, ki mayar mata da ita sabon yayi ta biya kuɗin aiki. Babu sayen dila, babu buƙatar jarin kowa, babu wanda zai ce an ɓoye masa asalin yadi tunda daga akwatinsa ya fito. Ko da Mama ta sauko, ko da ƙawarki ta zauna, ina ba ki shawarar ki buɗe wannan ƙofar, don ita ce za ta riƙe ki a watannin da ciniki zai yi sanyi bayan kin faɗi gaskiya.

Ki fara da kiran wayar nan kafin rana ta faɗi, ƙanwata, sauran su biyo baya a cikin makon. Allah ya sa albarka a hannunki, ya huci zuciyar Mama. In wata biyun sun cika ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da ƙawar taki, ki haɗo da hoton abin da kika ɗinka da zanin Mama.